Bargin Ɗanbaba Mai Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya yi noman rani a layinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, a cikin shekara talatin da suka wuce, ya taɓa zagin Ɗanbaba. Wanda bai zage shi a fili ba ya zage shi a zuci. Ni na yi duka biyun, don taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Zaginsa halak ɗina ne, har lada nake sa rai a kai.

Aikinsa ƙofar ruwa. Inda ƙaramin kanal ɗinmu ya ɓalle daga babba akwai wata ƙofar ƙarfe mai sitiyari a ka. A murɗa hagu ta ɗaga, ruwa ya shigo gonaki. A murɗa dama ta sauka, ruwa ya tsaya. Tun yana saurayi manoma suka haɗu suka damƙa masa mabuɗinta, wai saboda shi ba ya jin kunyar kowa. Daga baya sun yi nadama, amma mabuɗi ya riga ya shiga aljihu.

Abin da ya haɗa shi faɗa da duniya wani jan layi ne. Da hannunsa ya ja shi da fenti a jikin simintin kanal, taƙi ɗaya ƙasa da baki. Ruwa ya taɓa layin nan, Ɗanbaba ya daina murɗawa, ko hakimi ne a tsaye a kansa. Hujjarsa ita ce in kanal ya cika maƙil sai ruwa ya fara cin gaɓa, wata rana ya fasa ya kwashe dashen mutane. Mu kuwa manoman rani babu wani abu a wurinmu wai shi ruwa ya isa. Ka ba mu kogi, mu tambaye ka ina ƙaninsa.

Babban abokin faɗansa Baballe, mai gonar tumatir a ƙarshen layi, mutum mai murya kamar injin ban ruwa da salansa ta fashe. Kullum sai ya zo ya riƙe ƙugu.

"Ɗanbaba, ƙara murɗawa mana! Ruwan na ubanka ne?"

"Da na ubana ne, da ko a kwalba ba za ka gan shi ba."

Gajere ne, mai kaurin damtse, da wani keke wanda ba a san launinsa na asali ba. Abin da ko maƙiyinsa ba ya musu a kai shi ne iya kama bututu. Wanda bai san aikinmu ba: da lanƙwasasshen bututun roba muke jawo ruwa daga kwata zuwa cikin gona. Ka tsoma baki ɗaya a ruwa, ka riƙe shi da hannu ɗaya, ka toshe ɗaya bakin da tafin ɗaya hannun, ka riƙa zuga shi gaba da baya kana ɗan sakin tafin, har ruwa ya kama ya ɓarke da kansa. Aikin hannu biyu ne, kuma bututun ya fi ƙarfin a tsotsa da baki. Kafin ka kama biyar Ɗanbaba ya kama ashirin, yana yi yana gaya maka laifin kakanka.

Bara waccan, ana tsaka da dashen albasa, aka tsince shi kwance a gindin ƙofar ruwa, mabuɗi a hannu. Hawan jini. Ya yi sati uku a asibiti a Kano, ya dawo ɓarin hagu ba ya jin magana, baki ya karkace. Kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kamar mai fitar da akuya daga rijiya. Likita ya ce hannun da ƙafar za su iya dawowa in ya dage da motsa su, har ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙwallon ta ƙare a wurin 'yan akuya.

Aka ba Mudassiru mabuɗi, magidanci mai haƙuri wanda Baballe yake juyawa kamar waina. Ɗanbaba ya sa aka ajiye masa kujerar roba a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, fuska ga bango. Da safe a ɗauko shi a zaunar, da yamma a ɗauke shi. Wata huɗu haka.

Matarsa Kubra sana'arta turara shinkafa. Ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a kan tamfol a tsakar gida, ta kai inji a sheme. Mace ce da ba ta iya zama ba, bakinta kuma ya fi hannunta sauri. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira 'yarsu Nafisat daga Kumbotso ta zo ta yi kuka ta koma. Ni ma na je da nawa maganin. Na ce, "Taubashi, bangon nan aurensa za ka yi? In ka gama kallon ka faɗa mana mu kai goro." Ko ƙiftawa bai yi ba. Mutumin da tun muna yara ban taɓa jifansa da magana ta faɗi ƙasa ba. Na gyara hulata na fita.

Ana nan aka rufe babban kanal don a kwashe laka da ciyawar kacala. Ruwa ya ja baya, kifi ya maƙale a ƙananan kududdufai, gari ya fita da kwanduna. Titus ma ya fita. Titus mutumin Pankshin ne, ya shekara ashirin a garinmu, shagonsa yana kallon ƙofar Ɗanbaba. Aikinsa gilashi: tagogi, da akwatunan da masu burodi da fanke suke jera kaya a ciki. Ya shigo da bokiti ya ce wa Kubra, "Mama, ga wannan a yi wa Baba farfesu."

Kifin bargi ne, da ransa, bai kai kamu ɗaya ba. Mai manyan ɓawo kamar an jera sulalla, kalar ƙasa-ƙasa da ɗan ƙyalli, jikinsa ya tafi a miƙe har wutsiya. Kubra ta dire bokitin kusa da kujera ta tafi neman wuƙa. Kifin ya taso a hankali, ya fito da baki saman ruwa, ya yi ɓul, ya koma. Ya jima, ya sake.

Da ta dawo da wuƙa sai ta tarar maigidanta ya sauke ido daga bango.

"Bar... shi," in ji shi.

"Na'am, Malam?"

"Bar shi."

Wata huɗu bai nemi komai ba, ko ruwan sha sai an miƙa masa. Kubra ta mayar da wuƙa. Ranar miyar kuka aka sha, ba wanda ya yi ƙorafi.

Kwana biyu Titus ya haɗa akwatin gilashi mai tsawon ƙaramin benci, ya liƙe kusurwoyin da gam, aka ɗora a kan bulo a ƙarƙashin rumfa. Ya ce mana a birni masu kuɗi suna ajiye ɗan'uwan kifin nan a falo, wai shi arowana, har da fitila a kansa. Na ce ashe bargi ma yana da dangi a birni, mu muna nan muna cinye shi da yaji. Murfi ne kawai babu. Gilashin ya ƙare, Titus ya ce sai ya shiga Kano.

Ɗanbaba ne ya raɗa masa suna Injiniya. Ya ɗauki lokaci kafin ya fitar da dalilin, amma da ya fitar sai da na zauna a ƙasa don dariya. Wai kifin yana tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya duba, ya buɗe baki, ya rufe, bai taɓa komai ba, ya juya ya koma. Sak irin baƙin da suke zuwa duba kanal da farar mota.

Aka juya kujera ta bar bango. Da hannun dama yake barbaɗa masa dusar shinkafa, kaɗan-kaɗan. Yana yi masa magana, kuma Injiniya ba ya katse shi, ba ya ƙarasa masa kalma kamar yadda mu muke yi. Ya fara cinye tuwonsa. Ya fara tambayar wa ya dasa me a bana. Tashi ne dai bai yarda ba, hannun hagu kuma yana nan a kan cinya kamar baƙon da aka manta a zaure.

Sai Injiniya ya fito da halinsa. Ashe ɗan tsalle ne.

Na farko, wata adaidaita ce ta yi tari a ƙofar gida, tau! Kifi ya tashi sama kamar an harba shi, ya faɗo a kan tabarma. Kubra tana kusa, ta sure shi da gefen zane ta mayar. Na biyu ina wurin. Injin casa na bayan layi ya tashi, ƙasa ta ɗan girgiza, sai ga Injiniya a ƙarƙashin kujera. Na durƙusa na kama shi, ya zille, na sake kamawa, ya ɗauke ni da mari da wutsiya a kunci. Ɗanbaba ya yi dariya har da tari. Na ce, "Kai ka aiko shi, na sani."

Na uku ba a yi dariya ba. Kubra ta leƙa maƙwabta karɓo rariya, ba kowa a gidan sai shi. Kifin ya faɗo taku biyu daga ƙafarsa, yana birgima a ƙasa, ƙura tana manne masa. Ɗanbaba ya miƙa hannun dama bai kai ba. Ya yi kira, muryar ba ta fita. Sai kofin silba ya riƙa bugawa a jikin kujera har ta jiyo. Ta tarar kifin ya daina motsi sosai, ɓawo biyu sun fita. Ya farfaɗo a ruwa da ƙyar. Ɗanbaba kuwa bai ci abinci ba ranar, washegari kuma ya ce a juya masa kujera. Ta ƙi.

Ta tare ni a zaure, ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Malam Lukmanu, ni ba kifin nake ji ba. In abin nan ya mutu a gabansa yana kallo, ya kasa ɗaga shi, wallahi bango zai koma, kuma wannan karon ba mai juyo shi. Jibi Alhamis dole in kai shinkafa inji, masu ita suna jira. Ko ku san yadda za ku yi da tsallen nan, ko in mayar da shi kanal da hannuna in ce masa mage ce."

"Mage ta ɗauki wannan? Ai sai dai kura."

"Kai komai wasa."

"To, ki bar mana. Mu da muka tsufa a cikin ruwa, kifi ɗaya zai gagare mu?"

Da Titus yana gari da ba a kai ga haka ba, amma ya tafi Pankshin bikin Ista da iyalinsa. Sai na kai maganar majalisarmu ta gindin mangwaro, wurin da ba a taɓa kawo matsala aka rasa mai amsa ba, ko da amsar za ta kashe mai matsalar. Baballe bai bari na gama ba.

"Ruwa ne ya yi masa kaɗan! Na ga akwatin, Titus ya bar kusan kashi ɗaya cikin uku wayam. Kifi ya ga ruwa ya ja baya, ba dole ya tashi neman wani ba? Ku cika masa maƙil ku ga in zai motsa."

Kowa ya gyaɗa kai. Maganar ta zauna mana daram, don duk cikinmu ba wanda bai yarda cewa ƙarin ruwa yana maganin komai ba. Wani ya ce a kuma rufe shi ruf. Na ce ni zan kawo abin dannewa. Ina faɗar wannan ne don kada a ce na ɗora wa Baballe shi kaɗai.

Ranar Alhamis da hantsi, bazara ta buɗe wuta, ko kaza ba ta son taka ƙasa. Kubra ta shanya wata shinkafar a tamfol, ta ɗora buhunan jiya a adaidaita ta tafi inji. Mu huɗu muka shigo da jarkoki. Muka tuttula har ruwa ya zubo ta baki. Baballe ya kawo tsohon ƙyauren katako, muka kifa a kai, ƙyauren ya zauna a kan ruwan ɗaf, ko allura ba za ta wuce ba. Akwai huda a jikinsa inda aka cire kuba, faɗin dunƙulen hannu. Muka cusa mata tsumma kada Injiniya ya gwada sa'arsa ta nan. Ni kuma na kinkimo tsohon dutsen niƙan Kubra, wanda sai da na ambaci sunan Allah sau uku kafin na ɗaga shi, na ɗora a tsakiya.

Duk wannan aikin Ɗanbaba yana ɗaga hannun dama, bakinsa yana motsi.

"Ku... ku..."

"Haba, Ɗanbaba," in ji Baballe, "babu godiya tsakaninmu. Abin da ya wuce ya wuce."

"A'a... shi..."

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Taubashi, ajiye jawabin sai ranar walima." Ranar ruwan layinmu ce, kowa shinkafarsa ta rani tana jira. Muka kwashi jarkoki muka fice muna yaba wa juna.

Abin da ya faru bayan fitarmu daga bakin Ɗanbaba na ji, cikin kwana uku, kuma wannan karon na zauna na jira kowace kalma har ta iso.

Mu mun san bargi a faranti. Shi ya san shi a ruwa, don ya yi sati biyar ba abin da yake kallo sai shi. Ya san wannan ɓul ɗin da yake yi ba wasa ba ne, iska yake sha. Ya ma ƙirga: in da sanyin safiya ne yakan jima bai taso ba, in rana ta take, ruwa ya ɗumama, sai ya riƙa tasowa a kai a kai. Abin da yake ta son gaya mana ke nan.

Ya ce Injiniya ya taso ya bugi katako. Ya koma, ya zagaya, ya taso ya sake bugu. Ya bi ƙyauren daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana dungurinsa da baki. Can sai ya fara haukan bugu, dutse ko gezau. Daga nan ya rage. Wajen sha biyu sai ya sauka ƙasa, ya ɗan kishingiɗa a gefe ɗaya, yana buɗe baki a hankali.

Ɗanbaba ya buga kofi har ya lotse. Maƙwabta duk suna gona ko inji. Ya jawo kujera da ƙafar dama har jikin akwatin, ya tura dutse da hannu ɗaya, bai motsa ba. Dutsen da ni mai hannu biyu na yi nishi a kansa. Ya zare tsumman, ruwa ya ɗan taso ta hudar, amma kifin yana can ɗaya ƙarshen, bai san da ita ba.

Sai idonsa ya faɗa kan bututunsa. Guda ɗaya ya rage masa, yana rataye a ƙusa a bangon da ya shafe wata huɗu yana kallo. Ya ce kullum yana ganinsa, kullum yana kawar da kai. Daga kujera zuwa ƙusar taku bakwai ne. Na auna daga baya.

Bai gaya mini yadda ya tashi ba. Ya ce dai ya kama gefen akwatin, ya kama ginshiƙin rumfa, ya jingina da bango yana jan ƙafar hagu kamar buhun taki. A taku na biyar ya faɗi a kan gwiwa, ya ci ƙasa, ya tashi. Ya saƙalo bututun a wuya ya dawo ta hanyar da ya bi.

Saura kamawa. Ya zura baki ɗaya ta hudar kuba. Tafin dama zai toshe ɗaya bakin, to wa zai riƙe bututun a zuga? Ya gwada da haɓa, ya zame. Ya gwada da hammata, iska ta shiga. Ya ce sai ya kalli hannun hagu ya yi masa magana kamar yadda yake yi wa Baballe. Ban san me ya gaya masa ba, ya ce ba zai maimaitu ba a gaban mutane. Ya ɗauko shi da hannun dama ya ɗora a kan bututun, ya naɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Suka saki. Ya sake naɗewa. A karo na huɗu ko na biyar yatsa uku suka riƙe.

Ya zuga. Ya zuga. Ya ji nauyin nan da duk mai kama bututu ya sani, lokacin da ruwa ya hau ya cika lanƙwasar. Ya saki tafi.

Ni na dawo wajen azahar in ga aikinmu, in karɓi yabo. Tun daga zaure na ga ruwa yana gangarowa. Kubra ta riga ni da taku kaɗan, ta tsaya a bakin tsakar gida da buhu a ka, ba ta shiga ba, ba ta sauke ba. Na leƙa ta kafaɗarta.

Ruwa ya bi ta tsakiyar tamfol, rabin shinkafar da ta shanya tana iyo. Ɗanbaba yana tsaye. A tsaye, jingine da ginshiƙi, gwiwa duk ƙasa, riga sharkaf, bututu a hannu biyu. A cikin akwatin ruwa ya sauka, tsakaninsa da katako akwai fili. Injiniya ya taso a karkace kamar mai maye, ya fito da baki, ya yi ɓul.

Kubra ta sauke buhun a hankali. Ta dubi shinkafarta, ta dubi mijinta. Na ga bakinta yana neman ta inda zai fara.

"Malam," ta ce, "wa ya tashe ka?"

Ya nuna ni da haɓa. "Wannan... jakin."

Ta zauna a kan buhun ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Har yau ban san kuka take ko dariya ba, ita ma ta ce ba ta sani ba. Da ta buɗe fuska sai ta ce da ni, "Kai kuma ɗauke mini dutsena daga kan kifin mutane. Shinkafar nan kuma kai da Baballe za ku sake shanya ta, ƙwaya-ƙwaya."

Da yamma majalisa ta zo gaba ɗaya, kowa yana sunkuyar da kai. Ɗanbaba ya sa aka yi shiru. Ya ɗaga hannun dama ya buɗe taƙi, ya kara a jikin gilashi daga baki zuwa inda ruwa ya tsaya.

"Shekara... talatin," ya ce, "ina... gaya muku."

Ba wanda ya ƙarasa masa. Baballe ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Da Titus ya dawo ya ji labari, sai da ya riƙe bango don dariya. "Baba Lukmanu, ku huɗu, da gemunanku, kuka nutsar da kifi a ruwa?" Na ce ya yi a hankali, mu ne muke sayen tagoginsa. Ya ce murfin gilashi ma da ya yi niyya ba zai yi ba, don in Injiniya ya tashi da ƙarfi kansa zai fasa. Abin da ake so abu ne mai laushi, mai shan iska, wanda kuma ba zai ɗagu ba. Yana lissafin inda zai samo raga a Kano, Kubra ta shiga ɗaki ta fito da jan buhun albasa, irin mai huda-hudar nan, guda biyu.

"Wannan fa?"

Titus ya ja shi da hannu biyu, ya ce, "Mama, ke ce injiniyar, ba kifin ba."

Ya yi firam na katako daidai bakin akwatin, aka farke buhunan aka ɗame su riɓi biyu, ya sa ƙugiya a kusurwa huɗu. Ɓangaren da yake kallon ƙofar gida aka rufe shi da tsohon zanen Kubra, don giftawar mutane da awaki ta daina firgita shi. Mudassiru ya kawo kainuwa daga kanal aka watsa a saman ruwa, kifin ya sami inuwar fakewa in inji ya tashi. Sai Ɗanbaba ya aika a sayo jan fenti ƙaramin gwangwani. Shi ya ja layin a jikin gilashi, taƙi ɗaya ƙasa da baki. Layin ya ɗan karkace, don ya ce lallai da hagu zai riƙe marfin gwangwanin yana ja da dama, jikinsa duk yana rawa. Ba wanda ya gyara.

Yau shekara ɗaya da 'yan watanni. Duk Alhamis Ɗanbaba yana zare kashi ɗaya cikin uku na ruwan da bututunsa, ya sakar wa ɗan lambun yakuwar Kubra, ba tamfol ba. Sannan ya ɗauki sanda ya taka har kanal, a cika masa jarkoki a ɗora a kurar 'yan ga-ruwa. Ya ce ruwan rijiya ba ya yi wa Injiniya daɗi. Ni na san ƙofar ruwa yake zuwa gani. Yakan zauna a kan siminti kusa da Mudassiru, ba ya taɓa sitiyarin, sai dai in ruwa ya kusa tsohon layinsa ya yi gyaran murya. Mudassiru ya ce tun da aka fara gyaran muryar nan Baballe ya rage zuwa.

Hannun bai dawo duka ba. Yatsa biyu har yanzu suna yajin aiki. Amma yana ɗaura mazagin wandonsa da kansa, yana alwala ba mai zuba masa, ran Juma'a kuma a sahu yake tsayawa.

Injiniya ya yi ƙiba, ya wuce kamu ɗaya da rabi, juyawa ma sai ya yi dabara. Titus ya ce nan da baɗi akwatin ba zai ɗauke shi ba. Ɗanbaba ya riga ya sa an tara bulo a bayan rumfa, wai tafkin siminti zai yi masa, kuma shi zai yi shafen. Kubra tana ta tara buhunan albasa a ƙarƙashin gado.

Shekaranjiya ina gidan, muna cin gyaɗa, injin casa ya tashi. Injiniya ya yi sama, ya daki raga, ta lotsa ta dawo da shi, ruwa ya fantsamo mini a fuska. Na zabura har gyaɗa ta zube. Ɗanbaba ko waiwayawa bai yi ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka ga ƙaton banza, kifi a cikin akwati ya fi ka natsuwa, kuma in ka gama rawar ka tsince mini gyaɗata tas, don ba gonar ubanka aka nomo ta ba."

Tiryan-tiryan ya faɗe ta, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Na durƙusa ina tsintar gyaɗa. Ina da amsa, mai zafi ma, amma na bar masa wannan.